Kaya a Bakin Ƙofa

Birnin Washintan, tsakiyar sanyin shekarar 1819

Zuwa ga ƙanwata Salali, a gidanta na bakin Kogin Hiwasi.

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da duk mai ci daga tukunyarki. Ki gaishe mini da Kaka Ulutsa, ki matsa kusa da kunnenta na dama ki ce Tayanita ne. Yaya idanun nata, har yanzu inuwa kawai take gani? Ki gaida mijinki Kanuna, in farauta ta bar shi ya zauna gida. 'Yarki Wilani kuma ki ce mata kawunta bai manta da alkawarin madubi ba.

Ni lafiya lau, in ban da tarin da ya kama ni tun a hanya. Garin nan laka ce zalla, abincinsu kuma ba ya riƙe ciki.

Na san za ki ce, "Mai baki biyu, rage zance." To, na rage. Yau kwana ashirin ke nan ina tsaye tsakanin dattawanmu na Cheroki da manyan gwamnatin Turawa, wannan ya faɗa in juya wa wancan, har muryata ta dishe. Sun shimfiɗa taswira a kan tebur, suna kiranmu 'ya'yansu, suna jan layi da alƙalami. Ba zan ɓoye miki ba, layin ya bi ta Hiwasi, kuma gidanki yana ɓangaren da za a ba su. Wani dattijo ya miƙe ya ce tun yana yaro ake gaya masa wannan ce yankar ƙarshe. Na juya maganar tsaf yadda ya faɗe ta, ba wanda ya ɗago kai daga taswirar.

Amma kada hankalinki ya tashi, mun samo mafita. Akwai littattafai biyu a gidan wakilin gwamnati. Ɗaya na masu son ƙaura zuwa yamma, hayin babban kogi, ɗaya na masu zama. Da zarar an sa sunan mai gida a littafin zama, gida da gona da filin da ke kewaye sun tsira, ba mai taɓa su. Ni da bakina na juya wannan wurin na yarjejeniyar da aka ƙulla, dattawa suka gyaɗa kai, kowa na tuna gidan uwarsa. Sharaɗi ɗaya ne, mai gida kaɗai ake karɓa, ba a aike. An ba da lokaci har masara ta yi goyo.

Kin ga naki mai sauƙi ne. Gidan da Kaka ta gina, da itatuwan tuffa goma sha ɗaya da uwarki ta dasa, da kabarinta da ke ƙarƙashinsu, duk suna nan inda suke. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, kuma tunda ba ki da sauran ɗan'uwa namiji, ni ne kawun Wilani ko ki so ko ki ƙi. Na yi aikina na kawu, sai ki tanadi abin godiya.

Yayanki,
Tayanita

Bakin Hiwasi, farkon shuka

Yaya Tayanita,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da tari. Takardarka ta yi sati bakwai a jakar wani ɗan kasuwa, ta iso tana warin taba. Mu duk lafiya. Kaka ta ce ka dafa ɓawon icen da ta saba ba ka ka sha, ka bar maganin Turawa. Wilani ta fara daka da kanta, taɓarya ta fi ta tsawo amma ba ta yarda a karɓa.

Ka yi haƙuri da rubutun. Tun da muka bar makarantar mishan ban riƙe alƙalami ba sai dominka, kuma baƙaƙen Bature ba sa son zama a kan harshenmu.

Da na karanta zancen layin, sai da na fita na zauna a ƙarƙashin tuffa na yi kukana. Maƙwabta da yawa sun riga sun ɗaure kaya. Amma da na kai wurin littafin zama, raina ya dawo. Na karanta wa Kaka sau biyu. Ta ce, "Ashe mai baki biyu yana da rana." Zan je da kaina da zarar na gama shuka, tunda ka ce akwai lokaci. Tafiyar yini biyu ce, ba zan bar ƙasa ta bushe ina bin Turawa ba.

Bari in ba ka dariya. Shekaranjiya sai ga Kanuna ya shigo da bindiga sabuwa fil, da bargo ja a kafaɗa, da tukunyar tagulla a kai kamar mai talla.

Na ce, "Kai kuma fa? Wa ka yi wa fashi?"

Ya ce, "Haba uwar Wilani, kyauta ce. Duk wanda ya ce zai je yamma sai a ba shi."

Ka san ya daɗe yana wannan waƙa. 'Yan'uwansa biyu suna can, sun aiko masa cewa nama har ya yi yawa, nan kuwa sai ya yini a daji ya dawo da kurege ɗaya. Ya ce zai je ya yi shekara ya gani, in da daɗi ya aiko mana da fata, in babu ya dawo. Na ce ƙafafunsa ne, ya tafi lafiya. Me namiji ya mallaka in ba dokinsa da bindigarsa da ƙafafunsa ba? Su ya kai wa Turawan, su suka rubuta a littafin ƙaura.

Ya ce Turawan suna da kirki, har akawun ya tambaye shi mutum nawa ne a gidan da yake kwana. Ya ce huɗu, ya lissafa mu ɗaya ɗaya. Ya ce bai taɓa ganin Baturen da ya iya gaisuwa haka ba, har da tambayar iyali.

Tukunyar ya ba ni. Na dafa wake da kabewa a ciki, ba ta kamu ba ko kaɗan. In ka dawo a cikinta zan yi maka abin godiyar da kake ta roƙo.

Ƙanwarka,
Salali

Birnin Washintan, farkon shuka

Salali,

Ina fatan kuna lafiya. Ban sami amsarki ba tukuna, kuma ba zan iya jira ba. Dattawa sun tafi sun bar ni, tarin ya sauka ƙirji, sati uku ina kwance.

Ki karanta wannan da kyau. Jiya na samu na lallaɓa ofis don in karɓi kwafin yarjejeniyar. Ina hira da akawun da ke kwafa, na ce masa ƙanwata za ta je ta sa sunanta a littafin zama.

Ya ce, "Ayya, mijinta ya mutu ne?"

Na ce, "Yana nan da ransa. Me ya kawo zancensa? Gidanta ne."

Ya ajiye alƙalami ya dube ni kamar na yi wasa. Ya ce a wurinsu mace mai miji ba ta da gida. Kalmar da ke cikin takardar, wadda na juya na ce mai gida, namiji take nufi. Inda ya sa hannu, nan matarsa da 'ya'yansa da gona suka sa.

Salali, shekara goma ina cin abinci da harshensu, ban taɓa tsayawa na tambayi wannan kalma ba. Na ji ta, na ba ta tamu, na wuce.

Kada ki je ke kaɗai. Ki tafi da Kanuna, ya sa hannu a littafin zama. Na san abin zai yi miki ciwo, a rubuta gidan Kaka da sunan baƙon da aure ya kawo, amma ki daure. Kuma na roƙe ki, kada ki bari ya kusanci ɗaya littafin, ko me aka ce za a ba shi.

Tayanita

Bakin Hiwasi, masara ta kai gwiwa

Tayanita,

Muna nan da rai. Kaka ba ta san komai game da gidan ba, na ce mata an ce mu dawo. Wilani ta sani, don da ita na je.

Takardarka ta biyu ta iso kwana uku bayan na dawo daga gidan wakili. Da ta zo da wuri ma ba abin da za ta gyara, amma da na huta da kunyar da na sha.

Na sa tufafina na biki. Na tsaya a layi tun hantsi, maza gaba, maza baya, ina mamakin ina matan suka shiga. Da na kai tebur na gaya wa tafintansu sunana da sunan danginmu, na ce na zo a sa gidana a littafin zama. Akawun ya ce wane ne mijina. Na ce Kanuna, amma ba shi ya zo ba, ni na zo. Ya buɗe ɗaya littafin, ya bi da yatsa, ya juyo mini shi. Ga alamar Kanuna, ga huɗu a gefenta.

Ya ce, "Mai gidan nan ya riga ya zaɓi ƙaura, shi da mutum uku."

Na ce, "Wane mai gida? Ga mai gida a gabanka."

Tafintan bai juya ba, sai da na daka masa tsawa. Da ya juya, suka yi dariya. Na ce kakata ta gina gidan, uwata ta dasa itatuwan, ni na share gonar ƙasa da fartanyata, Kanuna kuwa da bargo ɗaya ya shigo. Akawun ya ce ba ya jayayya da ni, amma an karɓi bindiga, an karɓi bargo, an karɓi tukunya. Tukunya, Tayanita. Wata biyu ina ciyar da Kaka a cikin kuɗin gidanta.

Da na dawo na sami Kanuna yana gyaran shinge. Na gaya masa. Da fari ya yi dariya, ya ce, "Ta yaya zan sayar da abin da ba nawa ba? Ai ko mahaukaci ba zai saya a hannuna ba." Da ya ga fuskata sai ya zauna a ƙasa.

A hanya na riga na yi tunanina. Tunda miji ne matsalar, ai maganin miji a hannun mace yake. Na shiga ɗaki na kwaso kayansa, takalma, kwari da baka, sirdi, sabuwar bindigar, na jera su a bakin ƙofa yadda iyayenmu mata ke yi in sun gama da namiji. Shekara goma sha huɗu muna tare, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya tsaya yana kallon kayan. Ya ce, "In wannan zai dawo da gidan, ƙara da hular." Ya cire ta da kansa ya ɗora a kai.

Muka koma tare, shi da bindiga da bargo, ni da tukunya, na wanke ta tas. Na ce wa akawun yanzu ba ni da miji, kowa a ƙauyenmu ya ga kayansa a waje. Ya ce ina takardar saki. Na ce wace takarda, ƙofata ce shaida. Kanuna ya ɗora bindigar a tebur ya ce a goge alamarsa. Aka ce abin da ya shiga littafi ya riga ya tafi birni.

Na rasa miji a banza, gidan kuma ban same shi ba. Kanuna yana kwana a rumfar maƙwabta, da safe ya zo ya ci gaba da shingen, ba ya shigowa.

Kai ka tsaya a tsakani. Kai ka ce mini nawa mai sauƙi ne. Tun muna yara nake ce maka mai baki biyu don wasa, yau ban san da wane baki ka yi mini magana ba. Kana birnin da littafin ya tafi. Ka nemo shi.

Salali

Birnin Washintan, tsakiyar damina

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, in za ki karɓa. Jikina da sauƙi.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Na fara buɗe ta farko, ina dariyar Kanuna da tukunya a kai, har na kai wurin mutum huɗu. Ban iya buɗe ta biyun ba sai da yamma.

Na nemo littafin kamar yadda kika ce. Kwana tara ina zuwa ofis, a na ƙarshe wani babba ya saurare ni. Na bayyana masa cewa a wurinmu gida na mace ne, 'ya'ya na dangin uwa ne, miji baƙo ne mai daraja. Ya saurara da kyau, har ya ce abin sha'awa ne, ya rubuta a wata 'yar takarda. Sa'an nan ya ce an karanta wa dattawanmu yarjejeniyar da harshensu kuma sun amince. Ya tambaye ni wane ne ya yi tafinta a ranar.

Na ce ni ne.

Ba ke kaɗai ba ce. Na ga shafukan da idona, alamar maza ce a jere, kowace da lamba a gefenta. Ban san gida nawa na rushe da kalma ɗaya ba. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Da na ce, "Ku dakata, wa kuke nufi?" da wataƙila dattawa sun ƙi, da wataƙila an gyara. Na ji kunyar in nuna akwai abin da ban gane ba a gaban Turawa. Gaskiyar ke nan.

Gonar uwata tana hayin kogi, ɓangaren da ya rage mana, ba mai noma ta tun rasuwarta. Taki ce, dama ta danginmu ce. Kada ki yarda a kai Kaka yamma, ba za ta kai ba. Kanuna kuma ki mayar da shi ɗaki, laifinsa bai kai nawa ba.

Jibi zan kama hanya. Ki jira ni, in ɗauki Kaka a bayana in haye da ita.

Tayanita

Hayin Hiwasi, bayan girbi

Yaya Tayanita,

Ina gaishe ka. Wani mai keken doki ya ce ya bar ka a wani masauki a gindin duwatsu, kana tarin jini. Shi zan ba wannan takarda. Ka ci abinci ko ba ka so. Muna gonar uwarka, mun rufe rabin ɗakin da ya rushe, ruwa ba ya taɓa mu.

Na jira ka kamar yadda ka ce. Masu awon ƙasa suka zo da sarƙarsu ta awo suka bi ta tsakiyar tuffa, na yi kamar ban gan su ba. Aka aiko sau biyu mu tashi, na ce sai yayana ya zo. Na girbe masarata. Tuffa ta yi 'ya'ya bana har rassa suna karyewa.

Kanuna ya tafi yamma da ayarin ƙarshe. Na ce ya dawo ɗaki, ya ce ba zai iya shiga ta ƙofar nan ba, kuma sunansa yana littafi, in bai je ba za su ce mun ci kaya mun ƙi tafiya. Ya bar wa Wilani bargon.

Ranar da abin ya faru mun sauka kogi da safe mu ukun. Kaka ta ce tana son ta wanke fuska a ruwa mai gudu kamar yadda ta saba, muka riƙe ta hannu bibbiyu. Da muka dawo akwai keken doki a tsakar gida, da wani Bature da matarsa da yara, yana riƙe da takarda. Ba su yi mana ihu ba. Matar ma ta kasa kallona.

Sun fitar da kayanmu. Turmi da taɓarya, kwanduna, masaƙar uwata, tabarmar Kaka, tukunyar tagulla. Ba su watsar ba, sun jera su tsaf a bakin ƙofa, daidai inda na jera na Kanuna. Ba su san abin da suka yi ba, yadda shi ma bai sani ba, yadda kai ma ba ka sani ba. Na gaji da neman wanda ya sani.

Na daina fushi da kai. Ka warke ka dawo. Wilani tana buƙatar kawu, kuma akwai sauran ƙasa, za su sake shimfiɗa taswira. In ka sake tsayawa a tsakani, ka tsai da su a kan kowace kalma, ko za su yi maka dariya har yamma.

Abu ɗaya ya rage in gaya maka, don ba ni da wanda zan gaya wa. Da muka iso ƙofar, Kaka ta saki hannuna ta nufi ɗaki yadda ta saba shekara sittin, sai ƙafarta ta bugi turmi. Ta sunkuya ta shafa shi, ta shafa kwanduna, ta shafa tabarma. Ta gane kaya ne a bakin ƙofa, sai ta yi 'yar dariyarta ta tsofaffi.

Ta ce, "Salali, ba kya gajiya? Yau kuma wa aka saka a gidan nan?"

Na ce, "Mu ne, Kaka."

Ba ta ji ba, kunnen hagu na tsaya. Sai da na zagaya na sake faɗa.

Ƙanwarka,
Salali